Ido Ba Mudu Ba: Nazarin Ingancin Gwajin Rawar Ido a Shari'o'in Tuƙi Cikin Maye a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan gwajin ido da 'yan sandan Amurka ke yi wa direbobi a bakin hanya idan suna zargin cewa sun sha barasa, da kuma hanyoyin da ake bi a ƙalubalanci ingancinsa a gaban kotu. An bibiyi asalin gwajin tun daga binciken 1977, an fayyace yadda ake gudanar da shi, sannan aka zo da hujjoji huɗu da masu suka ke kafawa: sabubban rawar ido waɗanda ba barasa ba, kurakuran aiwatarwa, raunin alƙaluman da ake dogara da su, da kuma kasancewar shaidar ba ta barin sawu. Maƙalar ta nuna cewa gwajin yana da tushe a ilimin likitanci, amma abin da yake iya tabbatarwa bai kai abin da ake ɗora masa ba, kuma kalmomin da ake gabatar da shi da su a kotu suna da tasiri a kan hukunci.

Fitilun Kalmomi: rawar ido, barasa, tuƙi, shaida, kotu, Amurka

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2015 Kotun Ƙolin jihar Kansas ta yanke hukunci a shari'ar Birnin Wichita da Molitor. Ɗan sanda ne ya tsayar da wani direba da dare, ya sa shi tafiya a kan miƙaƙƙen layi, ya kuma sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya, direban bai nuna alamun da suka kai a ce ya gaza ba. Amma da aka zo gwajin ido, ɗan sandan ya ce ya ga dukkan alamun maye. Kotun ta ƙi amincewa da wannan gwaji, har ta ce muddin hukuma ba ta tabbatar da ingancinsa ta fuskar kimiyya ba, darajarsa a jihar ba ta wuce ta kayan wasan duba da yara ke tambaya su ba su amsa ba. A daidai wannan lokaci kuwa, kotunan jihohi da dama suna karɓar gwajin nan a matsayin shaida ba tare da wani ja-in-ja ba.

Abin da ake taƙaddama a kansa ba ƙarami ba ne. A shekarun baya-bayan nan, sama da mutum 10,000 ke mutuwa duk shekara a Amurka a haɗurran da direba mai maye ke ciki, wato kusan kashi 30 cikin 100 na masu mutuwa a kan hanya. Saboda haka hukuma tana da hujjar neman hanyar gane mashayi kafin ya yi ɓarna. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wanda aka samu da laifin tuƙi cikin maye yana iya rasa lasisinsa, ya biya tara, ya shiga gidan yari, wani lokaci ma ya rasa aikin da yake ci da iyalinsa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tambayar da wannan maƙala ke bi ita ce: kimar da idon ɗan sanda ya yi wa idon direba a bakin titi, ta isa ta zama ma'auni a gaban shari'a?

2.0 Ma'anar Rawar Ido da Alaƙarta da Barasa

Likitoci suna kiran wannan yanayi nistagmus. A wannan maƙala an zaɓi a kira shi rawar ido, wato motsin ƙwayar ido wanda mai idon bai yi niyyarsa ba kuma ba ya iya hana shi. Nau'in da ya shafi wannan nazari shi ne wanda ke bayyana idan mutum ya kalli gefe ba tare da ya juya kansa ba: ƙwayar idon takan sulale a hankali zuwa tsakiya, sai ta yi fizga ta koma gefen da ake kallo, haka ta yi ta maimaitawa.

Riƙe ido a gefe aiki ne na tsokoki da jijiyoyi, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wanda ake kira serebelum, shi ke daidaita shi tare da jijiyoyin da ke gindin ƙwaƙwalwa. Barasa tana kasala da aikin waɗannan sassa. Idan ta yi yawa a jini, ido yakan kasa bin abu mai tafiya sumul, yakan kuma kasa tsayawa cik a gefe. Yawanci, gwargwadon yawan barasar, gwargwadon yadda rawar ke fara bayyana tun ido bai yi nisa daga tsakiya ba. Wannan sananne ne a ilimin likitanci, kuma masu sukar gwajin ma ba sa musun cewa barasa tana haddasa rawar ido. Inda aka rabu shi ne juya maganar. Don barasa tana kawo rawar ido, wannan bai nuna cewa duk rawar ido daga barasa take ba.

3.0 Asalin Gwajin da Yadda Ake Gudanar da Shi

3.1 Asali

Kafin shekarun 1970 kowane ɗan sanda yana da nasa salon gwada direba: wani ya sa shi taɓa hanci da yatsa, wani ya sa shi tsintar kwabbai a ƙasa, wani ya sa shi karanta haruffa. Hukumar kula da lafiyar zirga-zirga a manyan hanyoyin Amurka, wato NHTSA, ta ba wata cibiyar bincike da ke kudancin Kalifoniya kwangilar tantance waɗannan gwaje-gwaje. Burns da Moskowitz (1977) suka fitar da rahoton farko, Tharp da Burns da Moskowitz (1981) suka fitar da na biyu. Daga nan aka tsayar da gwaji uku: na rawar ido, na tafiya a kan layi da juyowa, da na tsayuwa da ƙafa ɗaya. A wancan lokacin iyakar da yawancin jihohi suka sa ita ce 0.10, wato giram 0.10 na barasa a cikin kowace mililita 100 ta jini. Rahoton 1981 ya ce gwajin ido yana dacewa da kashi 77 cikin 100 wajen rarrabe wanda ya kai wannan iyaka da wanda bai kai ba, na tafiya a kan layi kashi 68, na ƙafa ɗaya kuma kashi 65.

Da aka fara sauko da iyakar zuwa 0.08, sai aka sake yin bincike a kan hanya a Kolorado (1995), da Fulorida (1997), da San Diyego (1998). Dokar tarayya ta shekarar 2000 ta matsa wa jihohi su koma 0.08, kuma duk sun koma. Jihar Yuta ma ta ƙara saukowa zuwa 0.05 a ƙarshen 2018.

3.2 Tsarin Gwajin

Littafin horar da 'yan sanda na NHTSA ya shimfiɗa matakai dalla-dalla. Ɗan sanda zai sa direba ya cire tabarau, ya haɗe ƙafafunsa, ya tsayar da kansa wuri ɗaya. Zai riƙe biro ko yatsa ko ƙaramar tocila a nisan inci 12 zuwa 15 daga hancin direban, sama kaɗan da saitin ido. Da farko zai duba ko baƙin tsakiyar idanun girmansu ɗaya, ko idon yana rawa tun yana kallon gaba, da ko idanun biyu suna bin abin tare. Idan aka samu saɓani a nan, alama ce ta ciwo ko rauni. Bayan haka sai ya nemi alamu uku a kowane ido, yana farawa da na hagu:

Alama ta farko ita ce kasawar ido wajen bin abu sumul. Ana tafiyar da biron daga tsakiya zuwa gefe cikin kimanin daƙiƙa 2, a dawo da shi cikin kimanin daƙiƙa 2.

Alama ta biyu ita ce rawa bayyananna kuma mai ɗorewa idan ido ya kai ƙarshen gefe, har farin ido ya ɓace a kusurwa. Dole a riƙe biron a wurin na aƙalla daƙiƙa 4.

Alama ta uku ita ce farawar rawar kafin ido ya kai digiri 45. A nan ana tafiyar da biron a hankali, kimanin daƙiƙa 4 daga tsakiya zuwa wannan kusurwa, kuma idan an ga rawa sai a tsaya a tabbatar ta ɗore.

Kowace alama ana duba ta sau biyu a kowane ido. Jimillar alamu 6 ke nan, kuma idan ɗan sanda ya ga 4 ko fiye, horonsa ya koya masa cewa mai yiwuwa barasar da ke jinin direban ta kai 0.08. Littafin kansa ya yi gargaɗin cewa ingancin gwajin ya dogara ne ga bin tsarin yadda aka shimfiɗa shi, kuma sauya wani sashe nasa yana taɓa wannan inganci. Wannan gargaɗi shi ne ƙofar da yawancin lauyoyi ke shiga.

4.0 Hujjojin Masu Ƙalubalantar Gwajin

4.1 Sabubban da Ba Barasa Ba

A shari'ar Schultz da jihar Merilan (1995), kotun ɗaukaka ƙara ta jero abubuwa 38 da aka ce suna iya haddasa rawar ido ban da barasa. Ba dukkansu ne ke da ƙarfi ɗaya ba, amma wasu ba a jayayya a kansu. Akwai waɗanda aka haifa da rawar ido, kamar yawancin zabiyoyi. Akwai ciwon can cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake. Akwai buguwa a kai, da ƙari a ƙwaƙwalwa, da shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma magungunan da likita ke rubutawa, musamman na farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazefin, da magungunan barci da na kwantar da hankali. Direban da ya fito daga hatsari, kansa ya bugu da sitiyari, yana iya nuna alamun da za a ɗauka maye ne alhali asibiti yake buƙata.

Alama ta biyu ta fi kowace fuskantar suka. Mutane masu yawa, lafiyarsu ƙalau kuma ba su sha komai ba, idonsu yakan ɗan yi rawa idan ya kai ƙarshen gefe. Yawanci wannan rawa ƙarama ce kuma takan lafa nan da nan, shi ya sa aka shardanta riƙewa ta daƙiƙa 4. To amma rarrabe rawa ta ɗabi'a da rawa "bayyananna mai ɗorewa" hukunci ne na ido, babu na'urar da ke auna shi. Haka nan iya bin abu sumul yana raguwa da tsufa. Rubenzer da Stevenson (2010), a bitar da suka wallafa a wata mujallar kimiyyar binciken laifuka, sun tattauna irin waɗannan matsaloli ta fuskar ilimin gani.

Masu goyon bayan gwajin suna amsawa da cewa dubawar farko an yi ta ne domin tace masu ciwo, kuma da wuya mai lafiya ya nuna alamu 4 haka kawai. Ƙungiyar masu auna ido ta Amurka ta fitar da ƙuduri a 1993 tana goyon bayan gwajin. Sai dai ɗan sanda ba likita ba ne. Horon da yake samu a kan gwaje-gwajen uku duka na 'yan kwanaki ne, kuma bai ƙunshi rarrabe nau'o'in rawar ido yadda likitan jijiyoyi zai yi ba.

4.2 Kurakuran Aiwatarwa

Gwajin da aka tsara a ɗakin bincike ana yin sa ne da tsakar dare a gefen titi, motoci na wucewa, fitilun motar 'yan sanda na walƙiya. Shi kansa kallon abubuwa masu wucewa da sauri yana haddasa wata irin rawar ido, irin wadda ake gani ga mai leƙen taga a jirgin ƙasa. Don haka ne aka umarci ɗan sanda ya juyar da direba daga fitilu masu juyawa. Idan bai yi ba, abin da ya gani ba lallai ne barasa ta kawo shi ba.

Sauri ma matsala ne. Idan aka ja biron da gaggawa, ido mai lafiya ma sai ya riƙa tsalle domin ya cim masa, sai a rubuta alama ta farko. Idan ba a riƙe daƙiƙa 4 ba, ba a ba rawar ɗabi'a damar lafawa ba. Lissafi mai sauƙi yana bayyana wannan: alama ta farko kaɗai tana cin daƙiƙa 16 idan aka duba kowane ido sau biyu, riƙewar alama ta biyu ma daƙiƙa 16 ce ban da lokacin kai biron da dawo da shi, sannan ga alama ta uku da dubawar farko. Idan hoton bidiyo ya nuna an gama komai cikin rabin minti, to babu shakka an tsallake wani abu. Lauyoyi kan zauna da agogo suna ƙirga tafiyar hannun ɗan sanda a bidiyo saboda wannan dalili.

Kusurwar digiri 45 kuwa kintata ake yi. Ba a ɗaukar ma'auni zuwa bakin titi. Ɗan sanda yakan yi amfani da kafaɗar direba da sauran farin da ya rage a kusurwar ido, alhali faɗin kafaɗa da yanayin ido sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Kuskuren 'yan digiri kaɗan yana iya ƙara alamu biyu, ya kai mutum daga 2 zuwa 4.

4.3 Abin da Alƙaluma Ke Ɓoyewa

Binciken San Diyego na Stuster da Burns (1998) shi ne aka fi ambata a kotu. Ya ce gwajin ido ya dace da kashi 88 cikin 100, na tafiya a kan layi kashi 79, na ƙafa ɗaya kashi 83, hukuncin 'yan sanda gaba ɗaya kuma kashi 91. Jin kashi 88 yana sa mutum ya ɗauka cewa kuskure bai wuce kashi 12 ba ga kowa. Amma idan aka warware teburin rahoton, sai wani hoto ya fito. Direbobi 290 aka yi wa gwajin ido. Daga cikinsu 209 barasarsu ta kai 0.08 ko ta wuce, kuma gwajin ya kama 205. Sauran 81 ba su kai iyakar ba, amma 30 daga cikinsu sun nuna alamu 4 ko fiye. Wato kashi 37 cikin 100 na waɗanda ke ƙasa da iyakar, gwajin ya jefa su cikin waɗanda suka wuce ta.

Dalilin da ya sa kashi 88 ya yi kyau shi ne yawancin waɗanda aka gwada dama sun bugu. Da a ce ɗan sanda bai duba idon kowa ba, ya ce kawai duk wanda aka tsayar ya wuce iyaka, da ya dace sau 209 cikin 290, wato kashi 72. Saboda haka adadin dacewa gaba ɗaya ba ya amsa tambayar da ta dami wanda ake tuhuma, wadda ita ce: mutumin da bai kai iyaka ba, sau nawa gwajin ke cewa ya kai? Adalci ne a faɗi cewa waɗannan 81 ba sa wakiltar dukkan direbobi, domin an tsayar da su ne bisa zargi, kuma kasancewa ƙasa da 0.08 ba ya nufin mutum bai kurɓa ba. Amma wannan ma yana nuna iyakar gwajin: ya fi ƙarfi wajen nuna cewa akwai barasa a jiki fiye da nuna cewa ta kai adadin da doka ta hana.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafe uku a kan yadda aka yi binciken. Na ɗaya, 'yan sandan sun riga sun ga yadda direba ke tuƙi, sun ji warin bakinsa da yanayin maganarsa kafin su duba idonsa, don haka ba a san nawa ne daga cikin dacewar ya fito daga ido ba. Wanda ya riga ya yanke hukunci a zuci, idonsa yakan ga abin da yake nema. Na biyu, an auna gwajin ne da yawan barasa a jini, ba da iya tuƙi ba. Na uku, rahotannin 1977 da 1981 da 1995 da 1997 da 1998 duk akwai hannun mai bincike ɗaya a cikinsu, wato Marcelline Burns, kuma sun fito ne a matsayin rahotannin da hukumomi suka ɗauki nauyi. Wannan ba ya nufin an yi maguɗi, amma kimiyya ta fi natsuwa da sakamakon da wasu masu zaman kansu suka maimaita.

4.4 Shaidar da Ba Ta Barin Sawu

Jinin da aka ɗiba ana iya ajiye shi a sake auna shi a wani ɗakin gwaji. Na'urar numfashi tana da takardun da ke nuna ranar da aka daidaita ta. Tangaɗin direba a kan layi yana fitowa a bidiyo, kowa ya gani ya yi nasa hukuncin. Rawar ido kuwa ƙarama ce, kyamarar da ke gaban mota ba ta kama ta, wadda ke ƙirjin ɗan sanda ma sau da yawa ba ta saitin ido ko haske bai ishe ta ba. Shi kansa direban ba ya jin idonsa na rawa, don haka ba shi da bakin cewa bai yi ba. Masu goyon baya suna ɗaukar wannan a matsayin ƙarfin gwajin, tunda mashayin da ya saba yana iya daurewa ya tsaya da ƙafa ɗaya amma ba ya iya hana idonsa rawa. Ta fuskar shari'a kuwa, ma'anarsa ita ce shaida ta rage ga maganar mutum ɗaya, wanda kuma shi ne ya yi kamun.

5.0 Matsayin Kotuna

Kotunan Amurka suna auna shaidar kimiyya da ɗaya daga cikin ma'aunai biyu. Ma'aunin Frye (1923) yana tambaya ko masana fannin gaba ɗaya sun yarda da hanyar. Ma'aunin Daubert (1993) ya ɗora wa alƙali nauyin duba ko an gwada hanyar, ko masana sun tace ta, da yawan kuskurenta, da ko tana da ƙa'idojin aiwatarwa.

Kotun Ƙolin Arizona, a shari'ar da aka fi sani da sunan Blake (1986), ta kasance cikin na farko da suka karɓi gwajin, amma ta hana a yi amfani da shi wajen faɗin takamaiman adadin barasa a jini. Teksas ta bi sahun karɓa a shari'ar Emerson (1994). Kansas a shari'ar Witte (1992) da Kalifoniya a shari'ar Leahy (1994) sun ce gwajin shaidar kimiyya ne, ba abin da kowa ke ganewa da idonsa ba, don haka dole a fara tabbatar da karɓuwarsa. Ohayo ta ce a shari'ar Homan (2000) dole ɗan sanda ya bi tsarin sau da ƙafa, daga baya majalisar jihar ta sassauta, ta ce bin akasarin tsarin ya wadatar.

Idan aka tattara waɗannan hukunce-hukunce, ana iya ganin hawa uku na amfani da gwajin. Hawa na farko shi ne a matsayin dalilin kamu, kuma yawancin kotuna sun yarda da wannan. Na biyu shi ne a matsayin alama ɗaya cikin alamu da ke nuna an sha barasa, wanda jihohi da yawa suka yarda da shi bisa sharaɗin a nuna horon ɗan sandan da yadda ya bi tsarin. Na uku shi ne a matsayin ma'aunin adadin barasa, kuma a nan kusan bakin kotuna ya zo ɗaya wajen ƙi. A yawancin jihohi direba yana da damar ƙin yin gwaje-gwajen bakin hanya, saɓanin gwajin jini ko na numfashi bayan kamu, wanda ƙin sa ke jawo dakatar da lasisi.

6.0 Harshe a Matsayin Ɓangaren Shaida

Wani sashe na wannan muhawara ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. A shari'ar Amurka da Horn (2002), alƙali Paul Grimm na kotun tarayya a Merilan ya yarda ɗan sanda ya faɗi abin da ya gani, amma ya hana shi amfani da kalmomin da ke nufin gwaji da ci da faɗuwa idan yana ba da shaida a matsayin ganau. Hujjarsa ita ce irin waɗannan kalmomi suna lulluɓe abin da ido ya gani da rigar kimiyya, su sa 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a, su ba shi nauyin da bai kai ba. Haka nan a shari'ar Quaale (2014), Kotun Ƙolin jihar Washinton ta ga kuskure ne a bar ɗan sanda ya ce ba shi da ko ɗigon shakka cewa direba yana cikin maye, alhali gwajin ido kaɗai ya dogara da shi.

Darasin ya shafi fassara da ƙirƙirar kalmomi. Idan tafinta ko ɗan jarida ya ce direba "ya faɗi gwajin ido", ya riga ya yanke hukunci da kalma, domin a kunnen Bahaushe faɗuwa ta jarrabawa ce, mai maki da sakamako tabbatacce. Idan ya ce "ɗan sanda ya ce ya ga idonsa yana rawa", ya bar maganar a matsayinta na shaidar mutum, wadda ake iya yi wa tambayoyi. Haka kuma umarnin gwajin da baki ake bayar da shi, cikin Ingilishi. Baƙon da harshen bai zauna masa ba yana iya juya kansa maimakon idonsa, a rubuta cewa ya kasa bin umarni.

Akwai kuma abin lura ga ƙasashen da matsalar tuƙi cikin maye ba ta tsaya ga barasa ba, kamar Nijeriya, inda gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yawan shan sa. Na'urar numfashi barasa take aunawa, don haka ana iya zaton gwajin ido zai cike giɓin. Amma bisa tsarin horon 'yan sandan Amurka kansa, tabar wiwi da dangin kodin ba sa haddasa wannan rawa, yayin da magungunan barci da abubuwan shaƙa irin su sholisho suke haddasa ta. Ke nan mai maye yana iya tsallakewa, mai shan maganin farfaɗiya bisa umarnin likita kuma ya faɗa hannu.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gwajin rawar ido ya ginu a kan gaskiyar likitanci, wato barasa tana dagula yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe ido. Ta kuma nuna cewa tsakanin wannan gaskiya da hukuncin kotu akwai matakai da kowannensu ke iya karyewa: ko rawar daga barasa take, ko an bi tsarin, ko an kintaci kusurwa daidai, da ko alƙaluman da ake ambatawa sun amsa tambayar da ta shafi wanda ake tuhuma. Alƙaluman San Diyego sun nuna gwajin ba ya cika barin mai maye ya wuce, amma ya haɗa da mutum 30 cikin 81 waɗanda ba su kai iyakar doka ba. Abin da ya dace da irin wannan gwaji shi ne ya zama dalilin kai direba ga na'urar numfashi ko gwajin jini, a ɗauki hoton idon da kyau inda hali ya yi, kuma ɗan sanda ya taƙaita shaidarsa ga abin da ya gani. Idan kuwa babu sakamakon jini ko na numfashi, kuma rawar ido ce ginshiƙin tuhuma, to wajibi ne kotu ta nemi a nuna mata horon ɗan sandan, da lokacin da ya ɗauka a kowane mataki, da tarihin lafiyar direban, kafin ta ba wannan shaida nauyi.